Ƙashin Wa Za A Sa Mini A Baki?

Tela yana da kekensa, masunci yana da komarsa, mu kuwa ma'aikatan rediyo a baki muke yawo da kayan aikinmu. Lokacin da nake karatun difloma ta aikin jarida, malaminmu na lafazi yakan sa mu ciji biro mu karanta labarai har sai muƙamuƙi ya yi tsami, wai don harshe ya daina kasala. Ya koya mana numfashi, ya hana mu shan ruwan ƙanƙara kafin shiga ɗakin watsa shiri. Haƙora ne kawai bai taɓa ambata ba, ina jin don a lokacin dukkanmu muna da su cif.

Gwada furta "sanarwa" ko "tsada" ko "zaɓe" a hankali, ka lura da inda iskar take bugawa kafin ta fita. A bayan haƙoran gaba na sama ne. Idan babu su sai ta fice a sake, kalmar ta zo da wani ɗan fito a gindinta kamar butar shayi ta kusa tafasa. Hausa ma ta yi mana sauƙi, domin "f" ɗinmu da leɓɓa kaɗai muke yin ta, mutanen yankinmu kuwa "hwari" da "hwata" suke cewa abinsu. Faransanci ne ba ya yafiya, "f" da "v" nasa sai haƙoran sama sun sauka a kan leɓen ƙasa. A tashar da nake aiki a nan Malanbil, sanarwar kasuwa da ta cigiya da ta rasuwa da harsuna uku ake karanta su, Dendi da Hausa da Faransanci. Biyun ƙarshe nawa ne.

A watan Maris na 2022, wata ranar Asabar da kasuwa ke ci, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya yi karo da amalanken albasa. Shi ya tsira da ƙujewa a gwiwa. Ni bakina ne ya sauka a kan ƙarfen amalanken. Haƙori ɗaya ya fita ɗungurungum har da saiwarsa, wani yaro ya tsinto shi cikin ƙasa ya miƙo mini, aka naɗe mini shi a takarda. Na biyun ya tsage har gindi. A inda aka kai ni aka ɗinke leɓe, aka ba ni maganin ciwo, aka leƙa cikin takardar aka ce wannan kam sai jefarwa. Washegari aka cire wanda ya tsage, aka cusa auduga aka ce in cije. Da na isa gida Inna ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Ki riƙa rufe baki, ɗiyata, kar ƙadangare shi gani." Haka take ce mana muna yara idan mun yi famfara, wai in ƙadangare ya ga giɓin sabon haƙori ba zai fito ba. Na so in yi dariya, ɗinkin ya hana.

A Paraku aka yi mini haƙoran roba guda biyu, masu faranti da ke manne wa ganɗa. Watannin farko sun yi mini rana. Amma makirfo ba shi da kara, abin da kunnen mutum zai kawar da kai a kansa shi sai ya ɗauka ya kai har Gaya. Da tafiya ta yi nisa robar ta fara girgiɗi, in na ce "t" sai ta amsa da wani ɗan ƙas. Wata safiya wani dattijo da ya saba kiranmu daga tsallaken kogi ya bar maganar da ake yi ya ce, "Yarinya, mi ya samu bakinki? Da can in kin yi sallama kamar ruwa na gudu, yanzu kamar kina taunar aya." Ba da mugunta ya faɗa ba. Shugaban shirye-shiryenmu ma ya ji, bai ce komai ba, sai dai a jadawalin watan gaba labaran Faransanci na rana sun koma hannun wani.

Sai a ƙarshen 2023 na samu zuwa Kwatano wurin likitan haƙori mai yin dashe. Ya ɗauki hoton muƙamuƙina da na'urar da ke nuna ƙashi ta kowace fuska, ya juyo mini da allon kwamfuta. "Madam," in ji shi, "robarki ba ta buɗe ba. Gaɓar da take zaune a kai ce ta zaizaye." Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san wannan magana. Ƙashin da ke rungume da saiwar haƙori yana nan ne saboda aikin da haƙorin ke ba shi a kowace tauna. Ranar da haƙorin ya tafi, jiki sai ya ga babu dalilin ci gaba da ciyar da wurin, ya shiga kwashe kayansa a hankali. Wani bincike da aka yi a Danmak aka wallafa a 2003 ya auna wannan a gurbin haƙoran gefe da turame, ya samu faɗin ƙashin yana raguwa da kusan rabi cikin wata 12, kuma kashi biyu cikin uku na asarar a wata 3 na farko take faruwa. A gaba ta sama abin ya fi muni, don bangon waje na ƙashin wurin sau da yawa bai kai kaurin milimita 1 ba tun asali. Nawa a hoton ya koma kamar kaifin wuƙa, milimita 3 da ɗan wani abu. Ƙusar da ake dasawa kaurinta ya kusa milimita 4, kuma tana buƙatar ƙashi ya kewaye ta ta ko'ina.

Ita ƙusar da ƙarfen taitaniyam ake yin ta, mai zare kamar noti. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo ya kama wannan ƙarfe ya ƙi saki, kamar ya ɗauke shi ɗan gida. A 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gotenbag, mutumin ya ci abinci da su shekara 40 har ya koma ga Allah. Ƙarfen ba shi da matsala ke nan. Matsalar tawa ita ce babu inda za a kafa shi. Likitan ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai har yau: da a ranar da aka cire haƙorin an cika ramin da garin ƙashi an rufe, da yawancin wannan zaizaya ba ta faru ba. Aikin mintoci kaɗan ne. Wanda ya cusa mini auduga bai ambata ba, wanda ya auna mini roba ma haka.

Daga nan ya shiga lissafa mini inda za a samo ƙashin ciko, kamar mai tallan atamfa yana warware turame. Na fahimci abin da sauri saboda kakana manomin lambu ne a wajen Gaya, na sha ganinsa yana yi wa mangwaro aure: a yanko reshe, a fere, a haɗa da jikin wata bishiya, a ɗaure da leda, a jira. Bambancin shi ne a nan abin da aka ɗora ba shi ne zai yi tsiro ba. Tsani ne kawai. Jijiyoyin jini su ratsa shi, ƙwayoyin ginin ƙashi su bi su, su riƙa rushe baƙon suna aza nasu a gurbinsa.

Mafi kamawa shi ne ƙashin mutum na kansa, don yana zuwa da ƙwayoyinsa masu rai kuma jiki ba ya yi masa kallon baƙo. Farashinsa rauni biyu maimakon ɗaya. Ana iya yankowa daga haɓa, ta cikin baki, a ƙarƙashin saiwoyin haƙoran ƙasa. Ya ce nan ne mafi sauƙin kaiwa, sai dai akwai jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji a kusa, wasu sukan yi watanni leɓen yana mace, kaɗan kuma ba ya dawowa daidai. Na taɓa leɓena. Da shi nake yin "b" da "ɓ" da "m". In gyara "s" in rasa "bismilla"? Na ce ya wuce wannan. Akwai kuma kusurwar muƙamuƙin ƙasa, can bayan turmin ƙarshe, inda za a iya fere ɗan allo siriri. Jijiyar tana bi ta nan ma amma ta fi nutsewa, matsalar ba ta cika aukuwa ba. Idan kuma ramin babba ne, sai a tafi ƙashin ƙugu, wanda ke buƙatar a sa mutum barci gaba ɗaya, ya tashi yana ɗingishi na wasu makonni.

Da ya ambaci ƙugu sai hankalina ya tafi Sakkwato. A 2019 na bi ta Kamba da Birnin Kabi na je can haɗa wani shirin lafiya a kan cutar noma. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, daga Girkanci ya fito, ma'anarsa abin da ke cinyewa. A ƙauyuka wasu ciwon iska suke ce mata. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi wanda yunwa ko ƙyanda ta riga ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe, ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba tana kashe kusan 9 cikin 10, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci sun isa su tsayar da ita. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato an buɗe shi a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma kyauta ake yi. A can na ga wani saurayi da muƙamuƙinsa ya kulle tun yana ƙarami, ta wata 'yar kafa a gefen baki yake tura tuwo da yatsa. Na ga 'yan mata da mayafi ja har ƙasan ido, masu jiran zuwan likitocin fiɗa karo na biyu ko na uku, don fuska ba ta ginuwa a zama ɗaya. A duniyar masu irin wannan aiki, tun 1989 wani likita a Niyok, David Hidalgo, ya nuna ana iya ɗauko siririn ƙashin ƙwauri da jijiyoyin jininsa a lanƙwasa shi ya zama muƙamuƙi sukutum. A watan Disamban 2023, daidai lokacin da nake zaune gaban wancan allon kwamfuta, hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ni da na karanta labarin a iska da robata mai ƙas-ƙas, na san girman abin da nake nema bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Hakan bai sa na daina nemansa ba.

Sauran hanyoyin ba sa buƙatar a yanke ni sau biyu. Akwai ƙashin mamaci, wanda ya bayar da izini kafin rasuwarsa, ana tace shi a busar a ma'ajiyar sassan jiki a Turai ko Amurka, ya iso cikin 'yar kwalba. Akwai na saniya, wanda ake gasawa a wanke da sinadarai har duk wani nama da maiƙo su fita, sai ma'adinin zalla mai ƙananan ramuka kamar soso. Wanda ya fi suna shi ne Bio-Oss na kamfanin Geistlich da ke Suwizalan. Jiki ba ya saurin cinye shi, yakan yi shekaru a wurin, shi ya sa yake riƙe siffar dasashi da kyau. Akwai kuma na haɗi, wanda ake yi a masana'anta daga sinadaran kalsiyam da fosfet, babu ran kowa a ciki, amma shi kaɗai ba ya gina bango mai faɗi irin wanda na rasa. Duk garin da aka zuba kuma sai an lulluɓe shi da wata 'yar fata don kada naman dasashi ya riga ƙashi shiga wurin. Na tambaye shi fatar mece ce. Ya ɗan yi shiru, ya dubi kallabina. Wadda suka fi amfani da ita daga alade ake samo ta.

Ban ga laifinsa ba, don da na tambaya bai ɓoye ba. Abin da nake ganin ba daidai ba shi ne a ce sai ka tambaya. Musulmi nawa ne suka kwanta a irin wannan kujera, daga Kwatano har Abuja, suka tashi ba su san me aka ɗinke musu a baki ba? Wanda zai yarda ya yarda da saninsa, wanda zai ƙi ya ƙi.

Ya ba ni wata mafita ta daban wadda babu ƙashi babu ƙusa: a fere lafiyayyun haƙoran da ke gefe da gefe, a ɗora musu wasu a jere su tsallake giɓin. Gada suke ce mata. Ta fi araha, ta fi sauri, amma an taɓa haƙoran da ba su yi laifin komai ba, ƙashin da ke ƙasa kuma zai ci gaba da tafiyarsa. Ni da nake kwana ina tashi da gadar da ba a hawa, sunan ma bai yi mini daɗi ba.

Domin ita ma gadar tamu tana cikin lissafin. Dashen ƙashi ba zuwa ɗaya ba ne. A ɗora, a dawo cire zare, a jira wata 4 zuwa 6, a dawo a kafa ƙusa, a sake jiran wasu watanni, sannan a aza haƙorin. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, Kwatano kuwa ta haura 700, kwana guda cur a mota. Da can ɗan Malanbil ba ya tunani sau biyu, gada zai hau. Amma tun bayan da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, aka gitta kwantenoni a kan gadar. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Mutane suka koma kwale-kwale, a watan Mayu ma har fiton aka hana na wani lokaci. Mai buhun masara zai iya jira a gaɓa kwana uku. Mai ɗinki a baki da ranar ganin likita ba zai iya ba. Kuɗin aikin kuma, da na haɗa da na mota da masauki, ya haura albashina na shekara. Adashi biyu na shiga, maigidana ya sayar da shinkafar da ya ajiye don rani.

Kafin in yanke shawara na je wurin malamin da ke karantar da mu a unguwa, dattijo ne da ya yi karatu a Sakkwato. Na zayyana masa komai. Ya fara da labarin sahabin nan Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Gyaran abin da ya lalace, in ji shi, ba canza halitta ba ne. Ɗauko wani sashe na jikinki a kai wani sashe kuwa, majalisar malaman fiƙihu ta duniya ta halatta shi a zamanta na Jidda a 1988, har da na mamaci idan akwai izini da buƙata ta gaske. A kan saniya ya daɗe. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, Hanafawa kuwa suna ganin mai tsarki ne, to wa ya san yadda aka yanka saniyar Turawa? Sai dai akwai maganar rikiɗa, wato abu ya sauya har ya bar asalinsa, kamar giya ta koma ruwan tsami da kanta. A kan wannan ne wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya halatta sinadarin da ake samu daga ƙashi da fatar alade bayan an sarrafa shi, wasu malaman kuma har yau ba su gamsu ba. "To Malam, ni wanne zan ɗauka?" Ya ce, "Ɗiyata, in da babu wata hanya sai wagga, da na ce ki tafi ki yi, lalura ce. Amma kin ce Allah Ya aje miki naki a bayan turmi. Mi ya kai ki rance alhali kina da ajiya?"

Inna ba ta bi ta kan fiƙihu ba. Ita dai ta ce ba za a sa wa ɗiyarta ƙashin gawar da ba ta san ko ta wane ne ba, ta zo tana yi mata magana da bakin wani.

A watan Yunin 2024 aka yi. Allurar kashe wuri kawai aka yi mini, ina jin ƙarar abin yankan a cikin ƙwaƙwalwata kamar injin markaɗe a ɗaki na kusa. Ya fero ɗan allo daga bayan turmin dama, ya daidaita shi a gaba, ya ɗaure da ƙananan ƙusoshi biyu, ya cike gefe da ɓarɓashin ƙashin nawa. A madadin waccan fata ya ɗebi jinina ya juya shi a na'ura har ya fitar da wani abu mai yauƙi rawaya, ya shimfiɗa a kai. Ya gaya mini gaskiya cewa bai kai waccan daɗewa ba, amma tunda allo ne ba gari ba, zai wadatar. Ya tambaya ko ina shan taba ko ina da ciwon suga, don su biyun ne suka fi kashe irin wannan aure. Kuncina ya kumbura kwana biyar, na yi mako biyu a kan kunu da fura mai ruwa. Abin da ya fi wuya shi ne an hana ni sa robar makonni da yawa, kada ta danne wurin. Na koma bayan gilashi ina tace muryoyin wasu, ina yanke musu tari da "e to".

A can bayan gilashin na tsara shiri na minti 15 a kan abin da za a yi in haƙorin babba ya fita a hatsari, abokin aikina ya karanta. A riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, kada a goge. In za a iya, a mayar da shi raminsa nan take a cije tsumma mai tsabta. In ba za a iya ba, a tsoma shi cikin madara a nufi likita, cikin awa guda in da hali, don takarda ko aljihu busar da saiwar suke yi su kashe ta. Haƙoran yara na famfara kuwa ba a mayar da su. Muka maimaita shi da Dendi da Fulatanci ranar Jumma'a, lokacin da 'yan kabu-kabu suka fi yawa a hanya.

Kira na farko daga wani Bafulatani ne a wajen Gene. Ya ce ya ji bayani, abu ɗaya ne bai gane ba: kindirmo za a sa ko wadda aka tatso yanzu? Abokin aikina ya waigo ya dube ni ta gilashi. Na rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe na ɗaga: wadda aka tatso, tsamin nono yana ƙona saiwar. Mutumin ya ce to madalla, wannan kam ba ta yanke musu. Sannan ya tambaya ina yarinyar nan mai karanta cigiya, an kwana biyu ba a ji ta ba, ko aure ta yi?